Me ya sa babban dish na hannu yake mutuwa kafin ya iso gida?

Idan kana cikin masu farautar tashoshin tauraron ɗan'adam, ka san yadda rai yake biyawa idan aka ce an ga tsohon dish mai faɗin mita 2.4 a bayan wani gidan kallo da ya rufe, ko a harabar ofishin da ya daina amfani da shi. 'Yan gwangwan sun riga sun yi masa kuɗi a kan kilo, don haka sai ka yi sauri ka biya, ka nemo a-kori-kura, a ɗaure, a kama hanya daga Jega zuwa Maiyama ko Aliero. A haƙa rami, a zuba kankare, a yi kwana biyu ana juyi, amma sigina ta ƙi kai inda ake zato. Nan da nan sai a ɗora wa LNB laifi, ko risiba. Sau da yawa kuwa ba ruwansu. Dish ɗin ne ya rasa siffarsa, ko dai tun a hannun mai shi na farko, ko kuma a bayan motar da ka ɗauko.

Bari mu fara da aikin da yake yi. Taurarin talabijin suna zagaya duniya a nisan kilomita 35,786 sama da layin da ya raba ta biyu, kuma gudunsu ya yi daidai da juyawarta, shi ya sa muke ganin kamar a tsaye suke. Kafin sigina ta ratso wannan nisa ta gama galabaita. Dish yana tare ta ne ya tattara ta a wuri guda, inda LNB yake zaune. Idan ka ninka faɗinsa sau biyu, filin da yake tarewa ya ninku sau huɗu. Mai mita 2.4 ya fi mai santimita 60 fili har sau 16. Wannan ne ya sa masu neman Nilesat (digiri 7 yamma) da Badr (digiri 26 gabas) suke kwaɗayin manya, domin an saita ƙarfin waɗannan taurari ne a kan Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, mu nan Kebbi ragowar bakin-baki muke samu.

To amma tarewa kaɗai ba ta isa. Sigina igiya ce mai hawa da sauka, kuma lanƙwasar dish, wadda masana lissafi suke kira farabola, an yi ta ne yadda igiyar da ta bugi tsakiya da wadda ta bugi baki za su isa LNB a lokaci guda. Ka ɗauki mutum goma masu turin mota: in sun haɗa ƙarfi a kan "ɗaya, biyu, uku", mota ta tashi. In wasu na turawa wasu na ja da baya, sai dai a yi ta haki. Haka yake faruwa idan wani sashe na dish ya shige ciki ko ya turo waje. Igiyarsa za ta makara ko ta riga, ta soke ta 'yan uwanta.

Nawa ne karkacewar da za ta yi ɓarna? Ya danganta da tsawon zangon igiyar, wato tazarar da ke tsakanin hawa ɗaya da na gaba. A rukunin C, kusan gigahaz 4, tsawon ya kai santimita 7.5. A rukunin Ku, kusan gigahaz 12, inda yawancin tashoshin da ake nema suke, santimita 2.5 ne kacal. Wani injiniya a Amurka, John Ruze, ya fitar da lissafin wannan asara a 1952, ya faɗaɗa shi a 1966, kuma har yau da shi ake aiki. Idan fuskar dish gaba ɗayanta ta kauce daga siffar asali da matsakaicin milimita 2, lissafin ya nuna a Ku za ka rasa kusan kashi 64 cikin 100 na ƙarfin sigina. Ma'ana dish ɗinka na mita 2.4 ya koma aikin mai mita ɗaya da rabi, alhali ka biya kuɗin babba da kuɗin motar babba. Wannan milimita 2 ɗin dai a rukunin C kusan kashi 11 kawai zai ci. Shi ya sa mai sayarwa zai iya rantse maka cewa lafiya lau yake aiki, kuma gaskiya ya faɗa, domin a C ya yi amfani da shi.

Lura da kalmar "gaba ɗayanta". Lotsewa guda kamar tafin hannu, duk muninta a ido, ɗan ƙaramin sashe ta taɓa, asararta ba ta taka kara ta karya ba. Murɗewa ita ce mugu: dish ya yi sumul, fenti lafiya, amma bakinsa ya karkace kamar faifan da aka zauna a kai. Ido ba ya kama ta.

Zare yana kamawa. Je ka da zare biyu da tef na awo. Ka ja ɗaya daga baki zuwa baki ta tsakiya, ka ja na biyu ya gitta shi, duka a miƙe tsam. Idan dish lafiyayye ne, za su ɗan taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. In ka ga rata, to akwai murɗewa. In sun taɓa, ka sauya, na sama ya koma ƙasa, don ka tabbatar ba dannewa ake yi ba. Sai ka matsa da su wasu kusurwoyi ka sake. Minti biyar ne, kuma a ganina duk wanda ya hana ka yin wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Da tef kuma za ka gano inda LNB ya kamata ya zauna, musamman idan ƙafafun da suke riƙe shi sun ɓata ko an yi musu walda. A kewayayyen dish mai LNB a tsakiya, ka ninka faɗi da faɗi, ka raba da zurfi sau 16. Misali faɗi santimita 240, zurfi 40: 57,600 a raba da 640, ya ba ka santimita 90 daga tsakiyar fuskar. Wannan lissafi bai shafi mai siffar ƙwai ba, irin wanda bankuna da shagunan intanet suka yi amfani da shi, wanda LNB ɗinsa yake ƙasa a kan hannu. Irin wannan kada ka saye shi ba tare da hannunsa na asali ba. In kuwa mai raga ne, ramukan kada su wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawon zango, wato milimita 2.5 ga mai neman Ku. Sannan ka nemi shaidar mai kaya da rasit. Dish mai wannan girma ba ya ɓoyuwa a gari.

Yanzu hanya. Masu lodinmu sun ƙware wajen ɗaure buhunan albasa, a ja igiya iya ƙarfi har ta nutse. Buhu ba ya damuwa, dish kuwa a nan ake kashe shi. Igiyar da ta ratsa ta kan baki tana lanƙwasa shi, kowane rami a titi kuma yana ƙara mata. Ɗauri ya zama a zoben baya da haƙarƙarin ƙarfen da ke tallafe da fuskar, a sa tsofaffin tayoyi ko katifa a ƙasa. In mai ɓangarori ne, kwance shi ya fi, amma ka rubuta lamba a kowane ɓangare kafin a sa sifana, kuma wajen mayarwa kada ka ƙulle noti ko ɗaya sai duk sun shiga kuma zare ya yarda.

Ga iska. Dish na mita 2.4 yana da fili kusan murabba'in mita 4.5. In an tsayar da shi yana fuskantar gaba, a gudun kilomita 60 a awa iska tana tura shi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 100, buhun masara guda kenan. A 80 ya doshi kilo 175, domin ƙarfin yana hawa ne da ninkin gudu a kan kansa. In an kwantar da shi a kan rufin mota, iska ta shiga ƙasa ta ɗaga shi, ga kuma bakinsa ya leƙo gefe inda tireloli suke wucewa a wannan babban titi na Sakkwato zuwa Yawuri. Abin da ya fi shi ne a tsayar da shi a kan gefensa cikin firam na katako, bakin yana yanka iska, a yi tafiya a hankali. Sai dai mai mita 3 a tsaye a bayan mota ya kusa mita 4 daga ƙasa, don haka a cikin gari wani ya riƙa duba wayoyin lantarki. Da damina kuwa, in hadari ya haɗo, a haƙura sai gobe.

Bayan an kafa akwai abu biyu da suka shafe mu a nan. Yankin Jega yana kusan digiri 12 arewa, saboda haka Nilesat yana sama da kusan digiri 70, Badr kusan 61. Kewayayyen dish kusan kwano yake zama yana kallon sama, ruwa da ƙurar hunturu su taru a tsakiya, tsatsa ta fara daga nan. Ka duba ramin zubar ruwa. Na biyu, kada ka kankare fenti ko ka shafa mai ƙyalli. A tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba rana tana bi ta bayan taurarin, kuma hasken da yake sauka a kan fili irin wannan ya haura wat 4,000. Fuska mai ƙyalli za ta tattara shi a kan LNB ta narkar da murfinsa, ta ƙona hannun duk wanda ya kai.

To wanda ya riga ya murɗe fa, sai 'yan gwangwan? Ba lallai ba. Iskar haidurojin da ke tsakanin taurari tana fitar da igiya a megahaz 1,420, mai tsawon santimita 21, wadda Ewen da Purcell suka fara ganowa a Jami'ar Harvard a 1951. A wannan tsawo, karkacewar milimita 5 ba ta cin fiye da kashi 10. Da ƙaramar na'urar rediyo ta RTL-SDR, da abin ƙara ƙarfin sigina na wannan zango, da kwamfuta, ɗaliban kimiyyar lissafi da fiziks na jami'ar Aliero za su iya auna haidurojin na tarin taurarin da ranarmu take ciki. Ghana ta yi haka a babban mataki: tsohon dish ɗin sadarwa mai mita 32 da ke Kuntunse aka gyara ya zama na'urar binciken sararin samaniya, aka ƙaddamar da shi a 2017. A naka, LNB na talabijin ba zai ji wannan zango ba, sai an cire shi an sa gwangwani mai faɗin kusan santimita 15 da 'yar waya a ciki, a daidai nisan da tef ɗinka ya nuna.