Jinin Ɗan Ƙwadago Ba Ya Tafiya A Banza

Duk wanda ya bi ta Gidan Dare a birnin Sakkwato bayan sallar asuba zai ga waɗanda muke magana a kansu: 'yan kabu-kabu, da leburori masu jiran a ɗauke su aikin gini, da masu gadi suna komawa gida. Idan ɓarayin babur suka kashe ɗayansu, ko ya faɗo daga bene, akan yi masa sutura a ce kwana ya ƙare. Haka ne, kwana ya ƙare. Amma ba a rubuta sunansa ko'ina, ba a kuma tambayi wanda ya sa shi aikin ba.

Shari'a ba ta san wannan shiru ba. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Abdullahi ɗan Sahlu da Muhayyisa sun tafi Haibara saboda ƙuncin rayuwa da ya same su, watau abin da mu a nan za mu kira ci-rani. Aka tsinci Abdullahi a kashe, babu wanda ya ga makashinsa. Danginsa suka ƙi yin rantsuwa a kan abin da ba su gani ba, sai Annabi ya biya diyyarsa da kansa, raƙuma 100. Imamu Malik ya kawo wannan labari a Muwaɗɗa, a babin ƙasama. Malamanmu na Malikiyya sun ƙiyasta diyya da dinari 1,000 ga masu zinariya, ko dirhami 12,000 ga masu azurfa, kuma ba su rage wa lebura ko anini ba don shi lebura ne.

A ƙasarmu ma an taɓa bin kadin irin wannan jini. A watan Satumba na 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a unguwar Apo ta Abuja, mutum 8 suka rasu, yawancinsu matuƙa keke napep. A 2014 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta umarci gwamnati ta biya iyalan kowane mamaci Naira miliyan 10. An kai ga haka ne domin an samu waɗanda suka ƙirga gawa, suka riƙe sunaye.

Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF, ya kuma kai rahoton wanda ya mutu a bakin aiki. To, amma leburan da aka ɗauka a bakin titi da safe aka sallama da la'asar, a wane littafi yake?

Shawararmu ga limaman unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin kabu-kabu da magina ita ce su ajiye littafi guda: sunan mamaci, garinsu, aikin da yake yi, wanda ya sa shi, da ranar rasuwa. Da wannan magada za su iya tsayawa gaban alƙali.