Rabon Gaɓa da Ƙarfin Furuci a Sifaniyanci

Sifaniyanci yana da wasula biyar, a, e, i, o, u, kamar Hausa, sai dai tsawon wasali ba ya bambanta ma'ana a cikinsa. Abin da ke bambanta ma'ana shi ne gaɓar da aka ƙarfafa. Misali, hablo na nufin "ina magana", habló kuwa "ya yi magana". Don haka dole ɗalibi ya fara iya raba kalma gaɓa-gaɓa.

1. Rabon gaɓa

Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin wasalin gaba: ca-sa "gida". Baƙaƙe biyu kan rabu: car-ta "wasiƙa". Amma idan p, b, c, g ko f ya zo kafin l ko r, ko kuma t ko d kafin r, ba a raba su: li-bro "littafi", ma-dre "uwa". A nan Bahaushe kan yi tuntuɓe, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu, sai ya cusa wasali tsakani kamar yadda aka yi a kalmar burodi. Haka kuma ch, ll da rr kowanne sauti ɗaya ne: no-che "dare", pe-rro "kare".

Wasulan a, e, o idan suka haɗu, kowanne da gaɓarsa: le-er "karanta". Idan i ko u marar ƙarfi ya haɗu da ɗayansu, sai su zama tagwan wasali: ai-re "iska". In ƙarfin ya faɗa kan i ko u, sai su rabu, a sa alama: dí-a "yini".

2. Ƙarfin furuci

Kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, ana ƙarfafa gaɓarta ta biyun ƙarshe: me-sa "tebur". Wadda ta ƙare da wani baƙin, ana ƙarfafa ta ƙarshe: ciu-dad "birni". Duk wadda ta saɓa wa waɗannan ƙa'idoji biyu ana ɗora wa wasalinta alamar da ake kira tilde: ár-bol "bishiya", ca-fé "kofi". In ƙarfin yana kan gaɓa ta ukun ƙarshe, alamar wajibi ce: mú-si-ca "kiɗa".

A lura, wannan alama ba ta karin sauti ba ce irin ta nazarin Hausa. Ba kuma ta canza wasali kamar é ta Faransanci. Gaɓar da za a ƙarfafa take nunawa.

Aiki: a raba término, termino da terminó, a nuna gaɓa mai ƙarfi a kowacce.