Uwa na sana'a, yaro na koyo: amfanin littafin tatsuniya a gidajen Hawandawaki

A shekara ta 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasarmu daga watan Maris har zuwa farkon watan Yuni, ma'aikata da yawa na Yamai da Maraɗi sun ɗanɗana abin da ake ce ma aiki daga gida. Biro ya koma cikin ɗaki, yara na kai da kawo, mai gida ya rasa yadda zai haɗa takardun gwamnati da kukan ɗa. Turawa sun yi ta rubuce-rubuce bisa wannan matsala kamar sabon abu ne. To amma jama'a masu karatu, a ƙasar Hausa aiki daga gida ya girmi kakanninmu.

Mu ɗauki Hawandawaki, ƙaramar hukumar karkara ta gundumar Tasawa cikin jihar Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya. A can, kamar yadda yake a ƙauyukan Mayahi, rana tana fitowa ta iske mata cikin sana'a: wannan na matsar man gyaɗa tana murza ƙuli-ƙuli, waccan na tuyar ƙosai, wata na dama fura, wata na saƙar tabarma ko kitso. Tela na bisa kekensa a zaure, mai tebur na ƙofar gida. Tun shekara ta 1969 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu bisa wannan ciniki na cikin gida, ta nuna nauyinsa cikin tattalin arzikin Hausawa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: ina yaro ɗan shekara uku, ko huɗu, ko biyar yake wuni, kuma me yake koyo, sa'ad da hannun uwa ke cikin aiki?

Yaro tsakanin murhu da talla

Amsar ba ɓoyayya ba ce. Jariri na goye. Wanda aka yaye yana hannun yayarsa, wadda ita kanta ba ta wuce shekara bakwai ba. Da ya ƙara tasawa sai a aza mashi faranti, ya shiga gari talla. Makarantun renon yara kaɗan ne a karkara, mafi yawansu suna cikin birane. Saboda haka yara da dama suna shiga ajin CI ba su taɓa riƙa littafin hoto ba, ba su san ta inda ake buɗe shi ba, ga kuma mushe na yi masu magana da harshen da ba su taɓa ji a gida ba.

Sakamakon ya bayyana cikin binciken PASEC, wanda ke auna ƙoƙarin ƴan makaranta a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. A shekara ta 2014, cikin yara goma na ƙasarmu da suka kai ƙarshen firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matsayin da ake bukata wajen karatu ba. A 2019 abin ya ɗan gyaru, aka samu kusan uku cikin goma. Sauran bakwai fa? Laifin ba na malamai kaɗai ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyantakar yaro a gida take wucewa.

Abin da masana suka gano

A shekarun 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, masu bincike sun ɗauki yara 129 na gidajen talakawa waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya kan ziyarce su sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana koya ma uwa wasa da ɗanta, da hira da shi, da nuna mashi hotuna cikin littafi. Kayan wasan kuwa na gida ne, ba na kanti ba. Bayan shekara ashirin aka sake neman yaran. Rahoton da ya fito a 2014 ya nuna waɗanda suka samu wannan ziyara sun fi takwarorinsu samun kuɗin aiki da kimanin kashi 25 cikin ɗari.

A Amurka kuma, a 1988, Grover Whitehurst da abokan aikinsa sun gwada wata dabara da uwayen yara ƴan shekara biyu. Maimakon uwa ta karanta yaro na saurare, sai ta riƙa tambaya yaro na amsawa, ta gyara mashi, ta ƙara mashi kalma bisa wadda ya faɗa. Cikin wata guda bakin yaran ya fi na sauran buɗewa. Ke nan albarkar ba cikin takarda kaɗai take ba, tana cikin hirar da takardar ke haifarwa. Wannan kuwa bushara ce ga macen da ba ta yi lakwal ba, domin tambaya ba ta bukatar sanin baƙi da wasali.

Daga dare zuwa rana

Mu Hausawa ba baƙin labari ba ne. Gizo da Ƙoƙi, Kura da Zomo, Dila malamin daji, duk sun rene mu. Sai dai tatsuniya ta dare ce, har manya kan ce wanda ya yi ta da rana ɓata zai yi. Sana'a kuwa da rana ake yin ta. Ga shi yau daren ma salula da finafinai sun cinye shi, kaka ta rasa masu sauraro. A nan littafin hoto ke da amfani, domin shi ba ya jiran faɗuwar rana.

Ga yadda uwa ko uba za su yi, ba tare da sun ajiye aiki ba. Da safe, kafin a hura wuta, a zauna da yaro minti goma, a duba shafi biyu ko uku. A tambaye shi: wane ne wannan? Me yake riƙe da shi? Ina za shi? Daga nan a shimfiɗa mashi tabarma a inuwa, nesa da murhu da tafasasshen mai, inda ido ke ganinsa, a ba shi aikin da ya fito daga labarin. In labarin na shanu ne, ya gina saniya da ɗan maraƙinta da laka. In na tafiya ne, ya haɗa mota da karan dawa. In na kasuwa ne, a ba shi tsakuwa da marafan kwalba ya kasa, ya ƙirga, ya sayar ma ƙanensa. Ɗan shekara biyar ya zana dabbar a ƙasa da tsinke, ya nemo baƙin da sunanta ya fara da shi cikin shafin.

Uwa na murza ƙuli-ƙuli tana jefo tambaya: da kai ne Gizo, me za ka yi? Me ya sa Kura ta gudu? Ta sa shi ƙirga mata ƙuli-ƙuli biyar-biyar, lissafi ke nan. In yayarsa ta dawo daga lakwal, ta karanta mashi rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Ita ma karatunta ya ƙara kaifi. Da dare, yaro shi zai ba kakarsa labarin da bakinsa, a rufe da kacici-kacici. Littafi guda ya isa mako ɗaya, domin yaro ba ya gajiya da maimaici, kuma ta maimaici kalma ke zama.

Ina littattafan suke?

Wannan ita ce babbar tambaya. Ƙasarmu ba yau ta fara koyarwa da Hausa ba: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa cikin aji tare da Faransanci, kuma kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma doka ba ta kai littafi ƙauye. A Yamai, cibiyar INDRAP da gidajen ɗab'i irin su Albasa da Gashingo sun fitar da littattafai cikin harsunanmu. A Najeriya akwai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda babba zai karanta ya sauƙaƙa ma yaro, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. A intanet, shirin African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna da labaran Hausa masu hoto, kyauta, waɗanda ake iya saukewa cikin salula ko a buga su bisa takarda.

Wanda bai samu ko ɗaya ba, sai ya yi nasa. Kwalin sukari, allura da zare, da alƙalami sun isa. Kaka ta faɗi tatsuniya, ɗan CM2 ya rubuta da boko ko malamin zaure ya rubuta da ajami, mai hannu ya zana hoto. Shafi takwas littafi ne.

Kira ga ƴan kasuwa da ma'aikata

Alhazai ƴan kasuwa, ku da ke zuwa Maraɗi, Katsina da Kano saro kaya, ku sa littattafan yara cikin hajarku, ko guda ashirin ne, ku kai su kasuwannin ƙauye tare da atamfa da takalma. Ku kuma ma'aikata ƴan asalin Hawandawaki, Korgom, Tasawa da Mayahi, tsarabar hutu ba sai alawa da biskit ba. Na'urar buga takarda da kuka sani a birni tana iya fitar da labari goma cikin awa guda. Akwati ɗaya na littattafai a hannun ƙungiyar mata masu adashe, ana ara ana maidowa duk mako, zai zagaya unguwa gaba ɗaya. Shugabannin ƙananan hukumomi su ma su tuna da wannan in ana tsara kasafin kuɗin shekara.

Ba wanda ke cewa uwa ta bar sana'arta, domin da ita ake cefane, da ita ake haɗa kayan ɗakin ɗiya. Abin da ake nema shi ne minti goma da safe, tabarma a inuwa, da littafi guda. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, amin.