Manhajar karatu kamar magani ce, tana da ƙa'ida

Kwanakin baya wata mata ta shigo kantin maganinmu a Abuja tare da ɗanta mai shekara tara. Ta ce, "Malama, ba ni maganin ɗigawa a ido. Kullum ya dawo daga makaranta idonsa ja, yana ta murza shi, ga ciwon kai." Na tambaye ta ko idon yana kwantsa, ta ce a'a. Da hira ta yi nisa sai na gano cewa a bana makarantarsu ta fara koyarwa da kwamfutar hannu, idan ya dawo gida kuma a wayarta yake aikin da aka ba shi, wani lokaci har ƙarfe goma na dare. Ban sayar mata da komai ba. Na ce, "Hajiya, ki fara kai shi a auna idonsa, sannan ki je ki ga malaminsa."

Manhajojin karatu suna da amfani, kuma sun riga sun shigo ajin yaranmu. A shekarar 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, wadda ke ɗauke da darussa kyauta cikin Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Akwai kuma na kuɗi irin su uLesson. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka yaron da bai saba da na'ura ba yana shiga ɗakin jarrabawa da fargaba biyu. A aji mai cunkoso, manhaja tana duba amsar ɗalibi nan take, tana kuma bari ya maimaita darasin da ya shige masa duhu ba tare da jin kunyar 'yan ajinsu ba.

Sai dai aikina ya koya mini cewa ko farasitamol idan aka zarce ƙa'ida yana lalata hanta. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya nuna cewa ingantattun hujjoji kan amfanin waɗannan kayayyaki ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu sun fito ne daga masu sayar da kayan. Shawarar rahoton ita ce na'ura ta taimaka wa malami, kada ta maye gurbinsa.

Me ke faruwa da ido? Idan mutum ya zuba wa fuskar waya ido, ƙiftawarsa tana raguwa sosai, sai idon ya bushe, ya yi ja, ya riƙa zafi. Kallon abu a kusa na tsawon lokaci yana gajiyar da jijiyoyin da ke daidaita gani, daga nan ciwon kai yake biyowa. Bincike ya kuma nuna cewa yaran da ba su samun wasa a waje sun fi kamuwa da matsalar rashin ganin abu daga nesa. Waya da dare tana jinkirta barci, yaron da bai yi isasshen barci ba kuwa karatu ba ya zama masa.

Ga ƙa'idar da nake ba iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba waya ya kalla, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ga 'yan firamare da sakandare, duk bayan minti 20 su ɗaga kai su kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Su samu kimanin awa biyu a waje kullum, a kuma ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya.

Idan makaranta ta ce ku saya wa yaro kwamfutar hannu, ku tambaya: minti nawa yake yi a kanta a rana? Wane darasi ake koyarwa da ita? Malami yana duba sakamakon ya gyara wa yaro kuskurensa? Har yanzu yana rubutu da hannu a littafi? Akwai talla a cikin manhajar? A gida kuma ku sa shi ya rufe wayar ya yi muku bayanin abin da ya koya. Idan ya kasa, dannawa kawai yake yi.

Game da maganin ido, ku karanta jikin kwalba. Idan kun ga dexamethasone ko betamethasone, kada ku ɗiga wa yaro sai likita ya rubuta. Suna kawar da jan ido da sauri, amma yawan amfani da su yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, ganin da hawan jinin ido ya ɗauke kuwa ba ya dawowa. Yaron da ke kanne ido idan yana kallon allo, ko yake matso da littafi daf da fuskarsa, wurin likitan ido ya kamata a kai shi.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani.