Manhajojin Banki: Wa Zai Rufa Wa Makaho Asiri?

Ba baƙon abu ba ne a yau a ga makaho riƙe da wayar salula yana shafa fuskarta da yatsa, ita kuma tana yi masa magana. Tun a shekarar 2009 kamfanin Apple ya sanya VoiceOver a wayarsa ta iPhone 3GS, a wannan shekarar kuma Google ya fito da TalkBack domin wayoyin Android. Aikinsu ɗaya ne: duk abin da yatsa ya taɓa sai su faɗi sunansa, idan shi ne mutum ke nema sai ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ke nan ita wayar ta sauke nauyinta. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen masu ƙera manhajoji.

Wannan murya galibi tana karanta sunan da maƙerin manhaja ya rubuta a ƙarƙashin kowane madanni ne. Idan ya yi kasala bai rubuta ba, sau da yawa abin da makaho zai ji kawai shi ne "madanni, madanni, madanni", ba tare da ya san wanne ne na duba asusu, wanne ne na tura kuɗi ba. Wata manhajar kuma, da sunan tsaro, sai ta hautsina lambobin da ake danna lambar sirri da su ta yadda muryar ba za ta iya karanta su ba, ko ta rufe kanta kafin mutum ya gama saurare. Daga nan ba shi da zaɓi illa ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga ɗan jagora ko mai POS. Bahaushe dai ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ko ba a cuce shi ba, an riga an san abin da ke cikin asusunsa, abin da mai ido ba zai lamunta ba ko ga ɗan cikinsa.

Lamarin ya ƙara tsananta a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000 ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi, har sayen gari ya koma sai da waya. Kuma ba makafi kaɗai abin ya shafa ba: akwai mai rawar hannu da ƙananan madannai ke wahalarwa, da kurman da ake ce wa ya buga waya idan kuɗinsa ya maƙale.

Ba wai ba a san maganin ba. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta daɗe da fitar da ƙa'idojin WCAG, ta kuma faɗaɗa su a 2018 domin su game wayoyin hannu. A Amurka wani makaho, Guillermo Robles, ya maka kamfanin Domino's a kotu don ya kasa sayen abinci ta manhajarsu, kuma a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar kare naƙasassu ta hau kan manhajar. A Tarayyar Turai, daga watan Yunin 2025 doka ta wajabta wa bankuna hakan.

Mu ma muna da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba wa hannu a Janairun 2019, da hukumar da aka kafa musu a 2020. Sai dai an fi jin zancenta wajen matakalan gine-gine, alhali reshen bankin da jama'a suka fi shiga yanzu yana cikin aljihu ne. A ganina, Babban Bankin Nijeriya, wanda ke ba da lasisi, shi ya kamata ya shardanta cewa kafin a saki manhaja sai makafi sun gwada ta, a kuma biya su ladan aikinsu. Kafin nan, kowane manajan banki na iya kunna TalkBack, ya rufe idonsa, ya gwada tura wa direbansa Naira 1,000.