Yatsu Uku Ƙasa Da Ƙashin Kafaɗa

Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin unguwa a Gombe ranar awo, a Pantami ne ko Bolari ko Tudun Wada, ya san yadda abin yake. Mata a jere kan benci, kowacce da katinta a hannu, ga akwatin sanyi na riga-kafi a gefen tebur, malamar asibiti na kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Layi na zuwa kan mace sai a ji, "Hajiya, buɗe min hannu." Wata ta ɗage hijabi ta ja wuyan riga ƙasa kaɗan, saman kafaɗa kawai ya leƙo. Wata kuwa ta tattare hannun riga sama, ya cije a tsakiyar damtse ya ƙi wucewa. Cikin su biyun babu wadda ta buɗe inda ake nema, kuma malamar da ta san aikinta ba za ta soka ba sai an gyara.

Inda ake nema ɗin wata tsoka ce mai kusurwa uku da ta lulluɓe kafaɗa, faɗinta a sama, tsininta na kallon gwiwar hannu. Ita ce mai ɗaga hannu gefe. Ma'aikacin lafiya yakan fara laluba ƙashin nan da ya turo a saman kafaɗa, ya jera yatsu biyu ko uku a ƙarƙashinsa. Ƙasan yatsun, a tsakiyar gefen damtse inda nama ya fi kauri, nan ne wurin, kuma ba a yarda ya gangara ya wuce daidai hammata ba. Sai a soka tsinken a miƙe cak, ba a karkace ba, domin ya ratsa fata da kitse ya sauke ruwan a cikin tsoka. Tsinke mai tsawon milimita 25 ya ishi yawancin manya. Mai jiki sosai yana buƙatar wanda ya fi haka, in ba haka ba maganin zai tsaya a kitse.

Ɗan wuri ne ƙwarai, kuma sama da shi da ƙasa da shi duk akwai abin ɓatawa.

A sama, tsakanin ƙashin kafaɗa da jijiyoyin da ke juya hannu, akwai wata 'yar jaka mai ruwa da ke hana su gogar juna. Idan tsinke ya hau sama ya zuba riga-kafi a cikinta, jiki zai taso wa wurin da yaƙi, tunda abin da aka ƙera maganin ya sa shi yi ke nan. Ciwon kan fara cikin kwana biyu, ya ƙi lafawa, ya yi makonni ko watanni. Mace ta kasa ɗaura ɗankwali, namiji ya kasa zura kaftani, ɗaga hannu wajen kabbara ma ya zama aiki. Da yawa sai su ɗora laifin a kan maganin, su ce ai dama an faɗa, alhali wurin sokawa ne aka kuskure. Jan wuyan riga ƙasa na cikin abubuwan da ke haddasa wannan, haka ma idan mai allurar na tsaye, wanda za a yi wa yana zaune, don tsinken kan sauko ta sama. Abin da ya fi shi ne su daidaita, ido da kafaɗa.

A ƙasa da kuma ta bayan damtse, jijiyoyin saƙo ne ke wucewa. Ɗaya tana zagaye wuyan ƙashin hannu, wata tana nannaɗe shi ta baya ta gangara har yatsu. Idan aka soki ta biyun, tsintsiyar hannu na iya saki ta riƙa lilo, mutum ya kasa ɗaga ta. Alamarta a take ita ce zafi mai fizga kamar an taɓa wayar lantarki, yana gudu zuwa yatsu. Wanda ya ji haka ya yi magana nan da nan a zare, wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

To tunda wurin na da wuyar sha'ani haka, me ya sa ba a koma ɗuwawu ba, inda Bahaushe ya saba karɓar allura tun tale-tale? Saboda kitsen can ya yi yawa, tsinke kan gaza kai wa ga tsoka. Tun cikin shekarun 1980 aka gano a Amurka cewa ma'aikatan asibitin da aka yi wa riga-kafin ciwon hanta a ɗuwawu ba su samu kariya kamar waɗanda aka yi wa a damtse ba. Riga-kafin cizon mahaukacin kare kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana yin sa a ɗuwawu ɗungurungum. Ga kuma babbar jijiyar ƙafa da ta bi ta can, wadda likitocin Najeriya suka sha ganin yaran da aka soka musu ita garin allurar zazzaɓi, suka koma jan ƙafa.

Shi ya sa shekarun nan damtse bai huta ba. Riga-kafin korona da ya fara isowa ƙasar nan a watan Maris na 2021, a damtse aka yi shi. Na sarƙe-haƙora da mashaƙo da ake yi wa masu ciki, a damtse ne, shi aka kuma baza a makarantu da unguwanni lokacin da mashaƙo ya addabi Kano da Yobe da Bauchi a 2023. Na sankarar bakin mahaifa, da aka soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, shi ma haka. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabon riga-kafin sanƙarau mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, bayan ɓarkewar da ta taɓa jihohi bakwai, har da Gombe. An fara shi cikin azumi, sai tambayar da aka saba ta taso. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta riga ta yi matsaya a zamanta na Jidda a 1997, cewa allurar magani a tsoka ba ta karya azumi matuƙar ba mai ciyarwa ba ce.

Jarirai daban suke. Tsokar damtsensu ba ta yi ƙwarin da za ta karɓa ba, don haka a gefen cinya ta waje ake yi musu. Lambar da ake yi wa jariri a hannu bayan haihuwa, ta tarin fuka, cikin fata take tsayawa, shi ya sa take barin tabo. Ta ƙyanda kuma a ƙarƙashin fata ake zuba ta. Hannu ɗaya, zurfi uku, kowanne da yadda ake riƙe masa sirinji.

Akwai kuma batun yawa. Galibin riga-kafi rabin mililita ne, wasu ɗaya, kuma iya abin da tsokar damtse ke ɗauka cikin sauƙi ke nan. Magungunan kashe zogi da na ƙwayoyin cuta masu yawan ruwa ko masu ƙuna ba nan ne wurinsu ba. A nan ne mutanenmu ke jawo wa kansu. Har yanzu akwai mai ganin in ba a yi masa allura ba, ba a duba shi ba, sai ya nufi kemis da dare ya ce a yi masa ta zazzaɓi da ta ciwon jiki a haɗe. Lasisin ƙaramin kantin magani, wanda hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa ke bayarwa, na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, ba na buɗe ɗakin allura a bayan labule ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana yin allura kusan biliyan 16 a shekara, kashi 90 cikin ɗari na jinya ne, kuma da yawansu ƙwaya ta ishe su. Ta ce a shekarar 2010 kaɗai, allurar da ba ta da tsafta ta sa wa mutum har miliyan 1.7 ciwon hanta nau'in B. Hakkin kowa ne ya ga an yage ledar sabon sirinji a gabansa, ya kuma ga an jefa shi cikin kwalin tsinke da zarar an gama, ba tare da an mayar masa da murfi ba.

Rabon wanda za a yi wa allura ba shi da yawa, amma da shi ake gyarawa. Ya sa riga mai faɗin hannu ko wadda za a iya zare hannu ɗaya daga cikinta, ta yadda kafaɗa za ta fito gaba ɗaya har ƙashin. Macen da ke jin nauyi tana iya neman mace ta yi mata, ko a ja labule. Wannan ya fi a soka a makance. A zauna, a saki hannu ya kwanta, don tsokar da aka ɗaure ta fi jin zafi. Mai shan maganin tsinka jini ko mai matsalar zubar jini ya faɗa tun kafin a fara. Bayan an zare, a danna auduga a hankali, ba murza ba, sannan a ɗan jira kamar minti 15, saboda jiri ko wani borin jini da kan zo ba zato.

Tsamin hannu na kwana ɗaya ko biyu, da ɗan kumburi, da ɗumin jiki, duk ba abin tsoro ba ne. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya fi gashi da tafasasshen ruwa ko shafa man zafi, kuma motsa hannun na taimakawa. Amma ciwon da ya wuce kwana uku yana ƙaruwa, ko kafaɗar da ta ƙi ɗaguwa, ko yatsun da suka yi sanyi suka daina jin taɓi, ko kumburin da ya yi ja ya tara ruwa, waɗannan na asibiti ne. A koma inda aka yi allurar da katin a hannu don a rubuta rahoto, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, inda likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi za su duba hannun tun kafaɗar ba ta sandare ba.