Farfaɗiya: magungunan likita da abin da ke biyo bayan shansu

Har yanzu a garuruwanmu da ƙauyukanmu akwai gidajen da ake ɓoye mai farfaɗiya, a ware masa ƙwaryar shan ruwa don tsoron yawunsa. Alhali kuwa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta numfashi. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda sau da yawa yakan biyo bayan sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko doguwar naƙuda, ko buguwa a ka. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai miliyan 50 a duniya, kuma bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

Wanda aka fi sani a nan shi ne fenobarbital, da ma'aikatan likita suke kira Gardénal. Tun 1912 ake aiki da shi, yana da araha, kuma galibi sau ɗaya ake sha, da dare. Aibinsa shi ne yakan sa babba barci da kasala da mantuwa, musamman a makonnin farko. Ga yaro kuwa yakan yi akasin haka: ya zama mai ƙiriniya, ba ya zama wuri ɗaya, karatu ya yi masa nauyi. Malamin lakwal da bai san dalili ba sai ya ɗauko bulala. Ya kamata iyaye su sanar da shi tun da wuri.

Tégrétol yakan kawo jiri da ganin abu biyu-biyu, waɗanda kan ragu da sannu. Amma in ƙuraje suka feso a jiki tare da zazzaɓi, ko baki ya yi gyambo, ko ido ya yi ja, to a tafi likita a ranar, kada a kwana. Fenitoyin yakan kumbura dasashi, sai a dage da asuwaki.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta Dépakine, wanda aka fara sayarwa a Faransa a 1967. Yana da ƙarfi ƙwarai, ko da yake yakan sa ƙiba da rawar hannu da zubar gashi. Sai dai ga mai ciki haɗarinsa babba ne: kusan ɗaya cikin jarirai 10 yakan zo da naƙasa, kamar tsagewar ƙashin baya, kuma uku zuwa huɗu cikin 10 sukan yi jinkirin tafiya da magana da fahimta. Saboda haka ba a ba yarinya ko mace mai shekarun haihuwa shi sai in ba makawa. Wadda take sha, in tana son haihuwa, ta ga lokotoro kafin ciki ya shiga. In kuma ya riga ya shiga, ta hanzarta zuwa, amma kada ta daina da kanta. Mata su kuma sani Gardénal da Tégrétol suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, da na abin da ake sakawa a damtse.

Abin da ya fi halaka mutane kuwa shi ne yanke magani farat ɗaya. Mutum ya yi wata shida bai faɗi ba, sai dangi su ce ya warke, ko kuɗi su ƙare, ko a ce barcin ya yi yawa. Nan ne faɗuwa kan dawo a jere ba farkawa, wani lokaci a bakin murhu ko rijiya. Jijjigar da ta wuce minti 5 ta likita ce nan take. Kafin a kai shi a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Lokotoro ne kaɗai ke rage magani, sannu-sannu, galibi bayan shekara 2 ba faɗuwa.

Mai niyyar azumi ya nemi a tsara masa lokacin sha tun watan bai kama ba. Wanda ke nesa da farmasi ya tanadi na wata biyu kafin damina ta yanke hanya, ya kuma guji ƙwayoyin masu talla a kasuwa, waɗanda rana ta gasa, ba a kuma san abin da ke cikinsu ba.